Wutar Rukunin A: Bitar Hidimar da Farashinta Ya Ninka Sau Uku

A ranar 3 ga Afrilu, 2024, Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Najeriya, wato NERC, ta sanar da cewa masu shan wuta a rukunin A za su koma biyan naira 225 a kan kowane yunit, maimakon wajen naira 68 da suka saba biya. A watan Mayu aka sauke farashin zuwa naira 206.80, a watan Yuli kuma ya ɗan hau zuwa naira 209.50. Abin da aka yi alkawarin bayarwa a madadin wannan kuɗi shi ne wuta ta aƙalla awa ashirin a kowace rana. Gidana yana kan ɗaya daga cikin irin waɗannan layuka a wani birni na arewa, kuma lokacin da ya wuce tun daga wannan sanarwa ya isa a auna hidimar kamar yadda ake auna duk wata haja da mutum ya sa kuɗinsa ya saya, a duba ko abin da ake karɓa ya kai abin da ake biya, kuma wane ne cinikin ya yi wa kyau.

Raba masu shan wuta rukuni-rukuni ya girmi wannan ƙari, domin tun a shekarar 2020 aka shigo da tsarin da ke ɗaure farashi da yawan awannin da ake samu. Rukunin A awa ashirin ne, B sha shida, C sha biyu, D takwas, E kuma huɗu. Abin da ya canza a 2024 shi ne gwamnati ta janye tallafinta daga rukunin farko kaɗai, ta bar sauran huɗun a kan tsohon farashi. Hujjar da hukumar ta bayar ita ce mutanen wannan rukuni ba su wuce kashi 15 cikin ɗari na masu shan wuta ba, amma su ne ke shanye wajen kashi 40 na abin da ake rabawa, saboda haka kaso mai tsoka na tallafin yana tafiya ne wurin waɗanda suka fi ƙarfin biya. Ministan wutar lantarki na lokacin, Adebayo Adelabu, ya ce idan aka bar abin yadda yake, tallafin shekarar zai doshi naira tiriliyan 3. Wannan lissafi ba a sama ya faɗo ba. Yawancin wutar ƙasar daga tashoshin iskar gas take fitowa, farashin gas ɗin kuwa da dala ake ƙiyasta shi, kuma bayan da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, kuɗin samar da kowane yunit ya yi tashin gwauron zabo alhali abin da ake karɓa daga hannun jama'a yana nan inda yake. Matakin ɗan'uwa ne ga cire tallafin fetur na ranar 29 ga Mayu, 2023: a rage abin da baitulmali ke ɗauka, a tura nauyin ga wanda ake ganin zai iya ɗauka.

A kan ingancin wutar kanta, gaskiya ita ce an ga canji, kuma duk wanda ya ce babu bambanci bai yi adalci ba. Kafin a sa layinmu a wannan rukuni, tsarin gida duka yana bin wuta ne: guga sai an kawo, cajin waya sai an kawo, tura ruwa zuwa tanki sai an kawo, kuma sau da yawa ana kawowa ne da tsakar dare, mutum ya tashi da magagin barci ya kunna famfo. Yanzu a yawancin ranaku wuta tana wuni tana kwana, ɗaukewar da ake yi ta awa ɗaya ce ko biyu, galibi da hantsi ko bayan magariba. Firij yana yin ƙanƙara ta gaske, nama da miya suna kwana ba fargaba, injin da ke bayan gida kuma yakan yi makonni ba a taɓa igiyarsa ba. Ƙarfin wutar ma ya gyaru, ko da yake a nan akwai magana, domin a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ya kai intaha kuma kowane gida ya kunna duk abin da yake da shi, wutar kan yi rauni da dare har fanka ta riƙa juyawa da kyar, firij kuma ya yi ta ƙugi bai tashi ba. Mita ba ta san da wannan ba. A lissafin kamfani awa ce aka bayar, kuma za a ƙirga ta cikin ashirin ɗin da aka yi alkawari.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Idan aka ɗora harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari a kan naira 209.50, kowane yunit yana kamawa wajen naira 225. Ke nan katin naira 10,000 yana ba da yunit 44 da ɗan ɗoriya, alhali a tsohon farashi kuɗin nan yana ba da sama da 130. Gida mai firij ɗaya, fankoki uku ko huɗu, talabijin, dutsen guga da ƙwayayen fitila, ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba, yana iya shan yunit 200 a wata ba tare da wata almubazzaranci ba, wato naira 45,000. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba, shi ne ƙarin ya zo ta fuska biyu a lokaci guda: farashin yunit ya ninka sau uku, awannin da kayan gida ke aiki su ma sun ninka, saboda haka abin da maigida ke kashewa a wata ya fi ninki ukun da aka sanar. Da Minista Adelabu ya ce 'yan Najeriya na barin firiza a kunne kwana da kwanaki saboda wuta ta yi musu araha, maganar ta harzuƙa jama'a har ya nemi afuwa daga baya. Abin takaicin shi ne a gidaje da yawa na unguwarmu yanzu haka ake yi, ana kashe firij da daddare a kunna da safe, ana zare dutsen guga a koma na gawayi, ga wuta a waya amma ana zaune a duhu da gangan.

Wanda cinikin nan ya yi wa kyau shi ne wanda ke juya wuta ta zama kuɗi. Lita ɗaya ta dizal ba ta cika wuce yunit uku da 'yan kai ba a injin da ke da lafiya, kuma tun a 2024 litar ta haura naira 1,000, wanda ke nufin yunit ɗin inji ya fi naira 300 tun kafin a sa kuɗin baƙin mai, na makaniki da na tsufan injin. Ƙananan injinan fetur da ake gani a bakin shaguna sun fi haka ci. Akwai wani mai walda a bakin titinmu da na daɗe ina lura da shi. A da aikinsa yana farawa ne da neman fetur a galan, sannan ya ja inji waje ya ɗaure shi da sarƙa a jikin ƙarfe, ya yi aiki cikin hayaƙi da ƙara, ƙofa ɗaya ta ɗauke shi kwana biyu saboda injin ba ya jure doguwar walda. Yanzu da safe yake jona wayarsa, kafin la'asar ya jingine ƙofofi biyu a bango suna jiran fenti. Yana ƙorafin kuɗin kati kamar kowa, amma da aka yi raɗe-raɗin za a mayar da layin rukunin B, shi ne na farko da hankalinsa ya tashi. Haka abin yake ga masu sayar da ƙanƙara da ruwan leda mai sanyi, teloli masu injin surfani, masu injin niƙa, masu shagon buga takardu da masu ɗakin gwajin jini. Ga waɗannan, naira 225 a kan wutar da za ta zauna ta fi naira 68 a kan wutar da ba ta zuwa. Manyan masana'antu dai ba su ga abin haka ba, domin ƙungiyarsu ta ƙasa, MAN, ta kai ƙarar hukumar kotu a kan ƙarin, tana cewa zai ƙara durƙusar da masu sarrafa kaya.

Babban aibin hidimar, a ganina, ba a farashin yake ba. Aibin shi ne mai saye ba shi da zaɓi. Ba a tambayar kowa ko yana son rukunin A, layin da ya ratsa unguwa ne ke yanke hukunci, kuma layi bai san aljihu ba. Babban layi ɗaya da ya taso daga tashar rarrabawa yana iya bi ta gaban banki, otal da gidajen manyan ma'aikata, sannan ya kutsa cikin lungunan da malamin firamare, ɗan fansho da bazawara mai sayar da ƙosai suke zaune, kuma dukansu farashi ɗaya za a yanka musu. Manufar da aka gina a kan cewa mai ƙarfi ya biya ta ɗauka cewa duk wanda ke kusa da mai ƙarfi shi ma mai ƙarfi ne. Akwai farashi mai rahusa na naira 4 ga gidajen da ba sa shan fiye da yunit 50 a wata, amma wannan rukuni ne daban da ake rajistar mutum a cikinsa, ba rangwame ne da ke faɗa wa kowa a kan yunit ɗinsa na farko ba. Da an tsara farashin hawa-hawa, yunit ɗin farko su yi sauƙi, na sama su yi tsada, da mai fanka biyu bai biya farashin mai na'urar sanyaya ɗaki biyar ba, kuma da baitulmali ya samu mafi yawan abin da yake nema, tunda manyan masu sha su ne ke ɗauke da kaso mafi tsoka. A ɗaya ɓangaren kuma, mutumin da ke da sana'a a unguwar rukunin D, wanda a shirye yake ya biya naira 225 don ya rabu da inji, ba shi da hanyar sayen wannan hidima ko da ya zo da kuɗinsa a hannu. Mazauna irin waɗannan unguwanni sun daɗe suna zargin cewa wutar da aka ƙara wa rukunin A daga rabonsu aka yanko, kuma zargin yana da tushe a hankali, domin abin da ƙasar ke rabawa bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma kamfanin da aka ba wa kaso ƙayyadadde zai fi son ya tura shi inda yunit ke kawo ninki uku.

Inda wannan rashin zaɓi ya fi yin ciwo shi ne asibitoci da jami'o'in gwamnati. Su ne aka fi jona wa layuka masu kyau tun asali, saboda aikinsu ba ya jure ɗaukewar wuta, kuma wannan gatan ne ya jefa su rukunin A ba tare da an ƙara musu kuɗin gudanarwa daidai da ƙarin ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta bayyana a 2024 cewa kuɗin wutarta ya kai wajen naira miliyan 300 a wata, abin da ta ce ya fi ƙarfinta. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan an yanke masa wuta a ƙarshen Oktoban 2024 saboda bashi, ya shafe sama da kwana 100 a haka, har ɗaliban likitanci suka fito zanga-zanga. A watan Agustan 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa za ta ɗauke wa asibitocinta rabin kuɗin wuta, wanda shi kansa amincewa ce cewa an yi lissafin farko ba tare da an tuna da su ba. Kuɗin da aka ce an tsimi a ma'aikatar wuta ya koma ya fito ta ma'aikatar lafiya da ta ilimi, ko kuma ya sauka a kan majinyacin da aka ƙara wa kuɗin gado da ɗalibin da aka kashe wa wutar ɗakin kwana. Tsimin da ke tsallakawa daga wannan shafi na kasafi zuwa wancan ba a iya kiransa tsimi sai an haɗa shafukan biyu an gani.

A takarda, mai saye yana da kariya mai kyau. Hukumar ta rage layukan da ke rukunin A daga sama da 800 zuwa ƙasa da 500 a lokacin ƙarin, saboda sauran ba sa cika awa ashirin. Ta umarci kamfanoni su riƙa wallafa awannin da kowane layi ya samu, su yi bayani a fili idan suka gaza kwana biyu a jere, su kuma sauke layin zuwa rukunin da ya dace da shi idan gazawar ta kai kwana bakwai a jere. A cikin kwanakin farko ta ci tarar kamfanin rarraba wuta na Abuja naira miliyan 200 saboda ya caji mutanen wasu rukunai da sabon farashi, ta kuma sa a mayar musu da haƙƙinsu. Sai dai a aikace, awannin da ake ƙirgawa na babban layi ne, ba na gidan mutum ba. Idan taransifomar unguwa ta ƙone, ko fis ya tsinke, ko waya ta faɗi a lungu, babban layin yana nan da wutarsa, rahoto zai nuna an cika alkawari, alhali gidaje ɗari suna cikin duhu. Mun ga haka da idonmu lokacin da taransifomarmu ta lalace a farkon wata damina. Aka kai ƙorafi ofishin kamfanin da ke ba mu wuta, aka karɓa da fara'a, aka rubuta a littafi, aka ce kayan gyara suna hanya. Da jira ya yi tsawo sai dattawan unguwa suka koma ga abin da aka saba tun zamanin NEPA, aka bi gida-gida da takarda ana karo-karo, aka sayi mai da wayoyi, aka sallami masu gyara. Doka ta ce gyaran taransifoma aikin kamfani ne, kuma wanda ke biyan cikakken farashi ba tare da tallafi ba ya fi kowa cancantar a cika masa wannan doka. Babu wanda aka mayar wa da ko sisi, ranar da wuta ta dawo kuma mita ta ci gaba da cin naira 225.

Hanyar ɗaukaka ƙara tana nan: a fara da sashen ƙorafi na kamfani, in ba a warware ba a wuce ofishin sauraron koke na hukumar da ke jiha, daga nan sai hukumar kanta. Wanda ya iya rubutu, ya adana takardunsa, yake kuma da haƙurin zirga-zirga, yakan samu biyan buƙata, musamman a kan cajin da ya wuce ƙa'ida. Amma tsari ne da aka yi wa mai ilimi da lokaci, mafi yawan mutane ko labarinsa ba su taɓa ji ba.

Duk wannan bayani ya shafi mai mita ne. Wanda ke rukunin A ba shi da mita yana cikin wani hali daban, domin takardar ƙiyasi ake kawo masa a kan sabon farashi, kuma kashe firij ko zare guga ba ya rage masa komai. Hukumar ta sa iyaka ga abin da za a iya ƙiyasta wa gida, amma iyakar ana ciro ta ne daga abin da masu mita na yankin ke sha, wanda ba lalle ya yi daidai da gidan mai ɗaki biyu ba. Wajen rabin masu shan wuta a ƙasar ba su da mita lokacin da aka yi ƙarin, duk da shirin sayen mita ta hannun 'yan kasuwa na 2018 da na rabon mita kyauta na 2020. Shawarata ga duk wanda layinsa ya shiga wannan rukuni ita ce ya sa neman mita a gaban komai, ko da zai sa kuɗinsa ne a riƙa mayar masa da yunit a hankali kamar yadda tsarin ya tanada. Sayen katin kansa ba shi da wahala, ana yi ta manhajar banki ko wurin masu POS, lambobi ashirin su shigo waya cikin mintuna, kuma wannan ɓangare na hidimar yana aiki yadda ya kamata, in ban da ranakun da hanyar sadarwa ta tsaya, kuɗi ya fita lamba ba ta zo ba sai washegari.

Akwai kuma iyakar da babu kamfanin rarrabawa da zai iya tsallakewa, kuma mu a arewa mun fi kowa saninta. A watan Oktoban 2024, bayan da aka lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir da aka koma dogara da shi ya samu matsala, yawancin jihohin arewa sun shafe fiye da mako guda babu wuta, rukunin A da na E duka ɗaya. Ƙanƙara ta zama abin nema, cajin waya ya koma sana'a mai riba, masu sayar da kifi da kaji suka yi asarar da ba wanda ya biya su. A shekarar 2024 ɗin kuma babban layin ƙasa ya faɗi sau da dama. Alkawarin awa ashirin yana tsaye ne a kan 'yan manyan layuka ƙalilan da suka ratsa dazuzzukan da ko ma'aikatan gyara ba sa shiga sai da rakiyar sojoji, saboda haka duk wanda sana'arsa ba ta jure kwana biyu babu wuta kada ya sayar da injinsa. Masu hali da yawa sun riga sun koma sola, suna barin wutar kamfani don dare da manyan kaya kawai, kuma wannan wata ɓaraka ce a lissafin manufar, domin waɗanda aka yi niyyar su ɗauki nauyin su ne suka fi samun hanyar zamewa, a bar masu ƙaramin ƙarfi a kan layi.

Idan za a ba hidimar maki, zan ce wutar ta ci, farashin yana da hujja ga mai sana'a amma ya yi wa gidan mai albashi nauyi, kula da mai saye bayan an karɓi kuɗinsa kuma har yanzu na tsohon zamani ne. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa nasu hukumomi su tsara farashi a cikin iyakokinsu, kuma a 2025 hukumar jihar Enugu ta sauke farashin rukunin A zuwa naira 160, matakin da kamfanonin samar da wuta suka yi wa ca, suna cewa an yi lissafin ne a kan tallafin tarayya da ba a biyansu, ga shi suna bin bashin da suka ce ya kai naira tiriliyan 4. Jihohin arewa da suka karɓi wannan iko ko suke shirin karɓarsa za su tarar da tambayoyin nan a kan teburinsu: ko za a ci gaba da auna awanni a babban layi ko a taransifoma, ko asibiti da makaranta za su samu nasu farashi, da kuma ko za a bar gida mai ƙaramin sha ya biya yunit ɗinsa na farko da sauƙi ko da layinsa ya bi ta gaban banki.